Kufan ruwa da kufan wuta: daga Lugu zuwa Damagaram

Duk wanda ya zauna bisa bencin lakwal a ƙasar nan ya taɓa ganin hoton Fompeyi cikin littafin tarihi, garin nan na ƙasar Italiya da dutse mai aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79. Shekaru kusan 2000 ke nan, amma har gobe baƙi na bin titunansa, suna kallon murhun mai gashin burodi da sawun amalanke bisa dutse. Ƙasar da ke gini da dutse kufanta ba ya ɓata. Mu kuwa da laka muke gini, laka kuwa aro ce daga kududdufi, damina kuma ba ta mance bashi. Gidan da aka daina yi wa yaɓe, zankwayensa ke fara narkewa, sa'an nan indararo ya faɗi, ruwa ya sami hanya cikin bango, gara ta shiga azara, wata rana da dare soro ya zauna. Kafin jikokin mai gida su yi furfura babu saura sai ɗan tudu da tsingaro da tsamiya tsaye. Manomi ya zo ya shuka hatsi a wurin, yana murna, domin kowa ya san gonar kufai ta fi yabanya kyau.

Saboda haka matafiyi a ƙasarmu ba ya iya rarrabewa da ido tsakanin garin da ruwa ya ci da garin da ɗan Adam ya cinna wa wuta. Bayan damina goma duk kamarsu ɗaya. Sai ya sauka daga mota, ya yi sallama, ya tambaya. Babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Yamai ta nufi Damagaram, kimanin kilomita 900, ita ce makarantar da ta fi dacewa da wannan karatu, domin tun daga Dogondutsi tana tafe ne kusa da sawun ayarin sojan Faransa na 1899, tana kuma ratsa garuruwan da ambaliya ta sha rusawa.

Lugu ba ta bisa kwalta. Sai an bar Dogondutsi an yi arewa cikin ƙasar Arewa, ta hanyar rairayi da tsakuwa, kafin a iske ta tsakanin duwatsu, ƙaramin ƙauye mai bukkoki da rumbuna, wanda baƙo zai iya wucewa bai san ya taka wurin tarihi ba. A nan ne ranar 16 ga Afrilu 1899 maharban Sarauniya Mangu suka tare ayarin kaftin Voulet da kaftin Chanoine. Da wuta ta yi tsanani sai suka janye cikin kurmin da suke tsarewa tun kaka da kakanni, suna sako kibiya mai dafi daga cikin sarƙaƙiya. Lissafin Nasaran da kansu ya nuna sun ƙone harsashi 7000 a wannan yini, an kashe musu soja 4. Suka shiga gari suka tarar ba kowa, suka sa masa wuta suka wuce. Babu bango ɗaya a Lugu da za a nuna maka yau a ce ga baƙin wannan wuta. Bukka ce, an sake ta sau ba adadi. Abin da ya tsira shi ne sarautar kanta, wadda ba ta yanke ba, da dutsen Tunguma da ake kai wa shari'a, da labarin da ke bakin mutane, wanda Abdullahi Mamani ya mayar littafi a 1980, Med Hondo kuma ya mayar silima a 1986. Ƴaƴanmu da yawa daga littafin suka san Lugu, alhali kuwa littafin ƙagaggen labari ne da aka ɗora bisa gaskiya. Ba laifin marubuci ba ne, ƙasa ce ba ta aje masa shaida ba.

Ya kamata mai karatu ya san irin ayarin da muke magana a kai. Turawan cikinsa ba su kai 10 ba. Sauran duka baƙaƙen fata ne da aka ɗebo daga yamma, sojoji ƴan ɗaruruwa, da ƴan dako da aka ɗaure da igiya, da matan da aka kama bisa hanya, har taron ya kai dubbai. An umurce su su kai tabkin Cadi, ba a kuwa ba su guzurin da zai kai su ba. Taro irin wannan, cikin rani, a ƙasar da rijiya ɗaya ke shayar da gari, dole ya ci rumbun wani ya sha ruwan wani. Wanda ya hana a kashe shi, wanda ya gudu a ƙone gidansa don na gaba su ji tsoro, jagoran da ya ɓata hanya a rataye shi. Tun a Sansane Hausa, bakin kogin Kwara, cikin Janairu, suka kashe mutum 101 a yini guda, har da mata da yara. Fara ma in ta sauka gona tana cinye ta ƙurmus, amma fara ba ta zaɓen gonar da za ta ci don ta koya wa maƙwabci hankali. Wannan zaɓe shi ne abin da ya raba ɓarnar mutum da ta sauran halitta.

Birnin Kwanni na yau gari ne mai hayaniya, kilomita 400 da ƴan kai daga Yamai, ga iyakar Illela kusa, ga ƴan canji, ga manyan motoci, ga buhunan albasa. A 1899 birni ne mai ganuwa, mai dubban mutane, kuma mutanen ƙauyuka sun shigo cikinsa neman mafaka da suka ji abin da ke tafe. Ganuwar da aka gina don ta tsare su daga mahaya da masu baka ita ce ta zame musu tarko a watan Mayu, ranar da aka kafa mata igwa. Dubbai ake faɗi cikin waɗanda suka halaka. An yi kwanaki ana jan gawa ana zubawa cikin ramuka da rijiyoyi. Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta taso daga Tumbutu don ya bi sawun ayarin ya karɓe shi, ya iso bayan ƴan makonni ya tarar da birnin kango, ya kuma rubuta abin da ya gani cikin littafin tafiyarsa, wanda aka buga bayan mutuwarsa. Ya ce bai sha wahalar neman hanya ba, ƙonannun garuruwa ne suka yi masa jagora.

To, ina kangon yake yau? Watan Mayu ƙofar damina ce. Tokar Kwanni ba ta yi wata biyu ba ruwa ya sauka kanta. Waɗanda suka tsira suka komo, suka kwaɓa ƙasar bangayen da suka faɗi, suka yi sabon tubali da ita, domin mai rai ba ya kwana a fili don ya aje wa tarihi hujja. Gari ya girma ya hau kan ramukan. Dattawa sun san wuraren, suna nuna su ga wanda ya tambaya da ladabi, amma yaron da ke tura baro ta wurin bai ga komi ba sai fili. Ruwan sama da muke roƙo da salla da sadaka, shi ne ya wanke wa mai kisa hannu.

A nan tilas mutum ya tuna da wani ƙauye na ƙasar Faransa mai suna Oradour-sur-Glane. Ranar 10 ga Yuni 1944 sojojin Jamus suka kewaye shi, suka harbe maza cikin rumfuna, suka rufe mata da yara cikin coci suka sa wuta, mutum 643 suka mutu. Bayan yaƙi Janar de Gaulle ya ce kada a taɓa ko dutse ɗaya, a gina sabon gari a gefe, a bar tsohon yadda yake. Har yau yana nan: ƙonanniyar mota a bakin titi, keken ɗinki cikin ɗakin da ba rufi, wayoyin lantarki na lilo. A 1999, shekara 100 cif bayan Kwanni, shugaba Chirac ya buɗe gidan tunawa a ƙofar kufan. Abin lura shi ne, su ma can ruwa da sanyi na cin bangayen, kuma gwamnati na kashe kuɗi tana tokare su, wato ana gyaran kango don ya ci gaba da zama kango. Ba mu ga laifinsu ba, sun san darajar matattunsu. Sai dai ƙasar da ta san haka a Oradour ba ta da hujjar cewa ba ta gane abin da mutanen Kwanni ke nufi ba.

Daga Kwanni hanya ta miƙe gabas, ta wuce Malbaza inda masana'antar siminti take tun shekarun 1960, ta wuce Galmi mai jar albasa, ta ratsa Madawa. Kafin a shiga Maraɗi akwai Tibiri, kuma gaskiya ta wajabta a tsaya a nan a faɗi wata magana. Ba Nasara ne ya koya mana rusa birni ba. Gobirawan Tibiri jikokin mutanen Alƙalawa ne, babban birnin Gobir da mayaƙan jihadi suka ci a 1808, wanda yau ba a iske komi a wurinsa sai tuddai da kaburbura cikin ƙasar Najeriya. Sarakunanmu na da, kowanensu ya ƙone garin wani, ya kama ƴaƴan wani ya sayar. Wanda ke neman a biya shi diyyar Kwanni ba ya rasa komi in ya faɗi wannan da bakinsa, kafin wani ya faɗa masa.

Maraɗi ita ma gudun yaƙi ne ya raya ta. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su ne suka kafa gadonsu a nan wajen 1819, ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma da gangan suka zauna cikin kwarin gulbi, tsakiyar kurmi, inda dokin abokin gaba ba ya sukuwa. Fiye da shekara 120 garin na nan ƙasa, da fadarsa da unguwanninsa, Bagalam da Ƴandaka da Limanci da Maradawa da sauransu, lunguna a murɗe kamar hanjin tunkiya. Abin da mayaƙan Sakkwato suka kasa, Gulbin Maraɗi ya yi shi a daminar 1945. Ruwa ya cika kwari ya shiga gari. Bangon laka kuwa ba ya jure tsayuwa cikin ruwa: gindinsa ke jiƙa, ya yi laushi, nauyin soro ya danne shi ya durƙusa. Gidaje suka bi juna. Kumandan na lokacin ya ba da umurni gari duka ya hau tudu, aka ja layuka miƙaƙƙu, aka yanka filaye murabba'i kamar gidan dara, aka gina wa sarki sabuwar fada. Unguwanni suka hau da sunayensu, kamar yadda mai ƙaura ke ɗaukar tukunyarsa.

Mai son ganin tsohuwar Maraɗi sai ya gangara yamma da gari. Zai iske lambuna da gonaki da inuwar mangwaro, da masu ban ruwa tun da asuba. Kamar Kwanni, babu kango. Amma a saurari yadda ake ba da labarin biyu, nan bambanci yake. Ambaliyar 1945 ta zama abin ƙidayar shekaru, a ce wane an haife shi kafin a hau tudu, wance an yi mata aure bayan an hau. Ana faɗinta da jimami, ana kuma iya faɗinta da dariya, a tuna wanda ya fito da akuya a kafaɗa ya mance da wandonsa. A ƙarshe a ce ikon Allah, magana ta mutu, domin ba wanda ke kai gulbi ƙara gaban alƙali. Labarin Kwanni kuwa ba a dariya cikinsa, murya ƙasa-ƙasa ake yinsa, kuma ba ya ƙarewa, domin akwai wanda ya aikata, akwai sunansa, akwai tutar da ya ɗauko. Har ma ana iya cewa Maraɗi ta ci ribar masifarta: bisa tudun ne cinikin gyaɗa ya buɗe, alhazai suka yi suna, garin da bai fi ƴan dubbai ba ya haura mutum 260,000 a ƙidayar 2012. Ba mu taɓa jin wanda ya ce Kwanni ta ci ribar 1899 ba.

Sai dai kada mu yi saurin wanke ɗan Adam daga sha'anin ruwa. Gulbin nan da ya cinye gari, daga ƙasar Katsina yake fitowa, kuma tun da aka datse shi a Jibiya wajen ƙarshen shekarun 1980 ya rage zuwa, manoman fadama suka ga ruwan da ke kwanta musu ya ja baya. Da gulbi ya yi sanyi sai mutane suka mance da halinsa. A birane kuwa, nan da sauran wurare, an cike kududdufai an yanka filaye a kansu, an yi gini bisa hanyar ruwa, magudanan da ke akwai leda ta toshe su. Ranar 30 ga Agusta 2024 aka yi ruwan da hukumomin jaha suka ce ya kai milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, wato fiye da rubu'in abin da Maraɗi ke samu a shekara, mutum 15 suka rasu cikin gari. Wannan karo ba gulbi ne ya hau ba, tudun da aka gudo wa a 1945 shi ne ya kasa shanye abin da ya zubo masa. Wanda ya sa hannu bisa takardar fili a bakin ƙorama bai riƙe bindiga ba, bai kuma yi nufin kashe kowa ba, amma in an ce ikon Allah an rufe magana, shi ne na farko da ke samun barci. Masana kuma na cewa ɗumamar duniya, wadda hayaƙin ƙasashe masu masana'antu ya fi jawowa, tana ƙara wa ruwan Sahel irin wannan saukar ta farat ɗaya. Ashe ko hadarin da ke sama ba a rasa hannun mutum cikinsa.

Bayan Maraɗi hanya ta bi ta Gazawa zuwa Tasawa, gonaki dama da hagu cike da gawo da ƙalgo waɗanda manoma suka raya da kansu bayan farin shekarun 1980. A wannan yanki ne labarin ayarin ya zo ƙarshe. A Koran Kalgo, Klobb ya iske ƴan mata ƙanana rataye bisa rassan itace. Ranar 14 ga Yuli 1899, ranar bikin ƙasar Faransa, ya cim ma Voulet a Dankori, ya nufo shi da tuta a buɗe, ya hana mutanensa harbi. Voulet ya sa aka harbe shi. Sa'an nan ya tara sojojinsa ya shaida musu ya bar Faransa, zai kafa daularsa. Ba a yi kwana uku ba sojojin suka juya masa: aka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17, a Maijirgi.

Maijirgi na bisa kwalta, gabas kaɗan da Tasawa, kuma a nan ne kaɗai cikin wannan doguwar hanya matafiyi zai ga wani abu da ido. Kaburbura biyu ne, an gina su, an kewaye su. Dubban da aka kashe daga bakin Kwara zuwa nan babu mai allo ko dutse bisa kansa, masu kisan ne suka sami makwanci mai suna. Har ma an rubuta cewa wani jami'in mulkin mallaka na Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an tone su a 1923 aka tarar ba kowa ciki, abin da ya haifi tatsuniyoyi iri-iri. Ko da gawa ko babu, ginin na tsaye.

Abin da gwamnatin Faransa ta yi da maganar ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya shafi batunmu kai tsaye. Abin da ya girgiza Paris shi ne kisan kanar, Bature ɗan'uwansu, ba rijiyoyin Kwanni ba. Chanoine kuwa ɗan janar ne wanda ya taɓa riƙe ministan yaƙi. Aka yi bincike, aka rufe shi a 1902, aka tsaya bisa cewa zafin ranar Afirka ne ya taɓa ƙwaƙwalwar kaftin ɗin biyu, har da sunan cuta aka ba abin, wai ciwon Sudan. A duba wannan dabara da kyau: an ɗauki aikin mutum an jingina shi ga rana, an mai da kisan gilla ya zama kamar ambaliya ko fari, abin da ba a tuhumar kowa a kansa. Amma ƙasar da mahaukatan suka ci ba a mayar wa masu ita ba, ragowar ayarin ma ya ci gaba har Cadi, ya taya kashe Rabe a Kusuri cikin Afrilu 1900. A 2021 jikokin mutanen garuruwan da abin ya shafa suka kai kukansu gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Amsar da Faransa ta bayar a 2025 ita ce ƙofarta a buɗe take ga tattaunawa, ba ta kuwa amsa laifi ba.

Saura zango ɗaya. Kafin Damagaram akwai Tirmini, inda a ƙarshen Yuli 1899 dawakin Sarki Amadu Kuran Daga suka kara da ragowar ayarin, bindiga ta rinjayi takobi, aka shiga birni, aka bi sarki aka kashe shi cikin Satumba. Daga nan sai manyan duwatsun Zindar su bayyana, masu kama da giwaye a durƙushe, da unguwar Birni a gindinsu. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, shi ne ya kewaye Birni da ganuwa mai tsawon kimanin mita 10, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a cikin gari. Heinrich Barth ya sauka a nan a ƙarshen 1852, ya iske gari mai ciniki da Tarabulus da Kano da Borno. Yau guntaye ne suka rage daga ganuwar, sun yi kama da tururuwar gara, awaki na hawa. Wa ya rushe ta? In ka ce ruwa ba ka yi ƙarya ba. Amma ruwan nan yana sauka a zamanin Tanimu ma, ganuwa ba ta faɗi ba, domin bayan kowace damina sarki na da ikon tara talakawa da bayi su mayar da abin da ya zube. Da ikon ya koma barikin Nasara, ganuwa ta rasa mai ita, ba ta kuma da sauran aiki, mai bukatar ƙasar gini ya zo da jakinsa ya ɗiba. Ginin laka da rai yake, abincinsa yaɓe. Ba sai an kafa masa igwa ba, a daina ciyar da shi ya isa.

Ranar Talata 3 ga Satumba 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Mutane na tsaye suna ɗauka da wayar hannu, kafin dare hoton ya zaga duniya. Bayan na Agadas babu masallacin laka da baƙi ke ziyarta a ƙasar nan kamarsa, kuma tun 2006 tsohon garin na cikin jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya. Daminar ta 2024 ba ta bar kowa ba: kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan ɗaya da rabi suka yi asara, har aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba domin azuzuwa cike suke da waɗanda gidajensu suka faɗi. Kuma abin ya faru ne a Damagaram, garin da mata ke kwana a layin famfo cikin rani. Ba mai hankalin da zai ce ruwan bai kai ya kayar da gini ba. Amma masallacin ya ga damina fiye da 170 kafin wannan, kuma an riga an ga tsaga a jikinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Hasumiyar Agadas, mai mita 27, an fara ta a 1515, an sake ta a 1844, tana nan tsaye. Itatuwan da suka fito daga jikinta kamar ƙaya ba ado ba ne kawai, matakala ce da magina suka bari don na baya su hau su yi yaɓe, wato tun ranar gini an san za a komo. Magina irin waɗannan ba su ƙare a Damagaram ba. Akwai tsofaffin da suka san yadda ake tsima ƙasa da ciyawa kwana da kwanaki, da yadda ake ɗaure bakan gizo da azarar giginya, da yadda ake dafa makuba don bango ya ƙi ruwa. Ƴaƴansu dai sun koma bulo da siminti, domin nan kuɗi yake, kuma mai gida na jin kunya a ce har yanzu cikin laka yake kwana. Wasu kuma sun shafe tsohon bango da siminti suna zaton gata suka yi masa, alhali siminti ba ya kama laka, ruwa na shiga bayansa ya ɓuya yana ci daga ciki, ba a sani ba sai ranar da ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya.

Cikin lungunan Birni har yanzu akwai gidaje masu zane a fuska, da zaure mai sanyi ko a tsakiyar Afrilu, kusa da su kuma wasu sun zauna, an jingine azarorinsu a gefe ana jiran rani. In kaka ta wuce za ka ga yara na tankaɗe ƙasar bangon da ya faɗi, ana zuba mata ruwa ana takawa, magini na dunƙula tubali yana jerawa a rana.